Ruwan Juma'a Ba Na Kowa Ba Ne

Har yau idan na ji wani ya ce "ai na'ura ce ta yi", sai in ji raina ya ɓaci. Na'ura ta yi me? Ina wurin aka yi komai, kuma na san bakin da ya yi shiru.

Ƙungiyar manoman rani ta wani kanal da ke tsakanin Kura da Bunkure ce ta ɗauke mu aiki, ni Khaulat da abokin aikina Uba. So suke mu haɗa abubuwa uku da ba sa jin maganar juna: na'urorin auna ruwa da aka dasa a kanal, injinan da ke buɗe ƙofofin rassa, da saƙon waya da zai gaya wa manomi ranar ban-ruwansa. Na ukunmu wakilin AI ne, wato manhajar kwamfuta mai aiki kamar mutum, da muke kira Ɗan'aike. Mu gaya masa abin da muke so, ya rubuta manhajar, ya gwada, mu duba mu amince. In ya ga abin da bai gane ba, sai ya tsaya ya tambaya. Ta wannan fannin kam ya fi Uba tarbiyya.

Uba ɗan gari ne, gonar babansa tana can sama, inda ruwa ke fara isa. Ni a Kumbotso na tashi. Abin da ya haɗa ni da wurin Gwaggo Halimatu Sa'adiyya ce, ƙanwar babana, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona a wutsiyar kanal, inda ruwa ke isa bayan kowa ya ƙoshi. Tumatir ta dasa a ranin nan, da shi take ci da marayunta.

Muna cikin aiki Ɗan'aike ya rubuto mana: "Na lura duk Juma'a, daga tafiya masallaci zuwa la'asar, ana rufe rassan sama, ruwa ya wuce zuwa wutsiya, kuma ba a ware wa kowa lokacin ba. Kuskure ne ko da gangan ne? Ba zan taɓa ba sai kun gaya mini."

Na kai tambayar taron ƙungiya a gindin mangwaro. Wani ya shiga gyara hula, wani ya shiga kallon takalminsa. Daga ƙarshe shugaba, Baba Dattijo, ya yi gyaran murya ya ce, "Ruwan Juma'a ba na kowa ba ne, 'yata." Na juya wajen mutanen wutsiya, su ma suka sunkuyar da kai suka ce haka ne.

Da muka koma ofis Uba ya rubuta wa Ɗan'aike cewa ba na kowa ba ne, ya raba shi ga rassan sama. Ɗan'aike ya sake tambaya ko mun tabbata, ya ce in aka raba, wutsiya za ta rasa mafi yawan ruwanta, kuma yana iya barin lokacin yadda ya same shi. Na ce mu dakata mu ƙara tambaya.

"Wa za ki tambaya kuma? Shugaba da bakinsa ya faɗa," in ji Uba. "Wannan abin naki surutu gare shi kamar aku." Ya danna amincewa, ya tafi cin gurasa.

Juma'a ta zo, wayoyin mutanen sama suka yi ƙara cewa ruwansu ne. Suka kuwa sha abinsu. Ta gaba ma haka. Ranar da na leƙa gonar Gwaggo, na tarar ƙasa ta dare, ganye ya yi laushi, fure yana zuba. Tana tsaye a bakin busasshiyar kwata, ta riƙe ƙugu.

Sai da na matsa mata ta buɗe baki. Ashe tun zamanin kakanni mutanen sama ke barin ruwan wannan lokacin ya gangara wa na ƙasa, sadaka. Mai bayarwa ba ya faɗa, don kada ya zama gori. Mai karɓa ba ya faɗa, don kunya. Shi ya sa ake cewa ba na kowa ba ne.

"Gwaggo, me ya hana ki gaya mini?"

"In ce miki me, 'yar nan? In ce da sadaka nake noma?"

Ban san lokacin da na isa ofis ba. Na ce, "Uba, ka san ruwan Juma'a?"

Bai ko ɗago kai ba. "Kowa ya sani mana. Amma ba a rubuce yake ba. Ni abin da aka gaya mini na saka."

"Ka sani, ka ji Ɗan'aike yana tambaya har sau biyu, ka rufe masa baki!"

"Ke, kar ki ɗora mini. In za a canza, sai ƙungiya ta faɗa a taro, tunda an riga an sanar da jadawali."

Ɗan gari fa, wanda ya girma yana ganin ruwan nan yana wucewa ta bakin gonarsu duk Juma'a. Na tafi wurin Baba Dattijo, na durƙusa na gaishe shi, na ce kalma ɗaya kawai zai furta a mayar da abu yadda yake. Ya girgiza kai ya ce in ya faɗa ladan ya tafi, kuma ya tozarta bayin Allah. Na ce to Baba, su na sama su ƙi buɗewa mana. Ya ce ai na'ura ce ke buɗewa yanzu, mu namu ido. Ladabi ne kawai ya hana ni gaya masa cewa na ga yadda masararsa ta yi shar.

A taro na gaba na sake tayar da maganar, aka sake gyaran huluna. Uba yana gefe yana latsa waya. Ina shirin faɗar abin da zai sa a kore ni daga aikin, sai na ji sallamar mace a bayana. Gwaggo ce, cikin hijabinta na fita unguwa. Ba ta taɓa taka wurin nan ba a rayuwarta.

"Malam Dattijo," ta ce, "an ce sai an faɗi mai ruwa. To ni ce. Ni da irina muke cin sadakarku duk Juma'a. Tumatirina yana mutuwa. Na roƙe ku don Allah ku mayar mana."

Nan da nan kowa ya sami baki. "Subhanallahi, Halima, ai ba sai kin zo ba!" "A mayar, a mayar!" Mutanen da suka yi makonni suna kallon takalma. Ji na yi kamar in fasa ihu.

A take na buɗe kwamfuta na gaya wa Ɗan'aike. Kafin a shafa fatiha ya gama gyarawa, ya tambaya wane suna zai sa wa lokacin. Ya ce ba lallai a sa sunan mutum ba, ana iya rubuta cewa ba na kowa ba ne, kada a taɓa. Na juya wa Uba fuskar kwamfutar don ya karanta da idonsa. Ya kawar da kai.

Ranar Juma'a ruwa ya gangaro, na je na taya Gwaggo juya shi cikin kunyoyi. Fiye da rabin tumatirin ya farfaɗo. Muna dawowa muka haɗu da Baba Dattijo a kan gadar kanal, wanda a da sai ta tsaya sun yi ta wasan tsufa. Ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta ratse gefen hanya har ya wuce.

Na ce, "Gwaggo, ai ruwa ya zo."

"Ya zo," ta ce. "Da can Allah ne ke ba ni. Yanzu kuwa na san fuskar kowannensu, su ma sun san tawa."