Baƙar Lakar Darcy

Shekara uku Noeleen Tarrant tana renon kawa, wato dodon-koɗin ruwa da ake ci, cikin kwanduna a bakin kogi, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na teku. Saura wata guda ta kwashe ta kai kasuwa, sai ƙanenta Darcy, mai gonar rake a can saman kogin, ya ga dama ya yashe lambatun gonarsa. Ya ɗauko katafila ya tono baƙar lakar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya jibge ta a gefe, ya kakkaɓe hannu.

Bakinta har ya gaji da faɗa masa. Lakar nan muddin tana ƙarƙashin ruwa ba ruwanta da kowa. Amma in ta sha iska, sai ta yi tsami, tsamin ya narkar da ƙarfen da ke cikin ƙasa, ruwan sama na farko ya kwaso su duka ya yi kogi da su, su kashe kawar.

"Ka zuba mata farar ƙasa ta kashe tsamin, Darcy, don Allah."

"Haka Baba ya riƙa yi, wa ya mutu? Ke dai kin faye tsoro, tsohuwa."

Ranar Laraba aka kwana ana ruwa. Gari na wayewa ta ja mota sai gonarsa, ranta a dagule. Abu ɗaya za ta roƙa: ya bar ƙofar da ke tare ruwan lambatun a rufe har teku ta ciko, ruwan gishiri ya kashe tsamin.

Ta tarar da ƙofar a wangale.

"Rakena zai ruɓe a ruwa," in ji Darcy, yana kurɓar shayi. "Kuma zo ki gani, garau yake, har ƙasa ake hangowa. Ina gubar taki?"

"Garau ɗin ne gubar, sakarai! Ka taɓa ganin ruwan lambatu garau?"

Sai a lokacin ya duba da kyau. Jar tsatsa ta lulluɓe ciyawar gefe, ƙananan kifaye sun juya ciki sama suna bin ruwa. Ya ajiye kofin.

Noeleen ta duba agogo. Teku na janyewa, cikin awa biyu ruwan nan zai isa wurinta. Kwandon kawa ɗari huɗu gare ta a kogi, kwalekwalenta kuwa talatin yake ɗauka.

"Noeleen, me zan yi?"

"Shiga mota," ta ce. "Kai za ka nuna mini kwandunan da za mu bari su mutu."