Kyanwar Inna da Ƙuma

Da farko na ɗauka sauro ne. Sai da ƙafafun jaririyata suka yi jajir da ƙuraje, tana kuka tana murza su a jikin zanin goyo, sannan na hango wani ɗan baƙin abu a idon sawunta. Na kai hannu, ya yi tsalle ya ɓace. Ƙuma.

Kyanwa ɗaya ce a gidanmu, ta surukata, Inna. Tun da ciwon ɓarin jiki ya kwantar da ita, kyanwar ce abokiyar hirarta.

Na wanke zannuwan gado da tafasasshen ruwa, na shanya katifu a rana, maigidana ya yi feshi har muka dinga tari. Muka ɗan sarara, sai ga ƙuman sun dawo kamar an aiko su. Ni tela ce, a falo nake ɗinki. Wata mata ta zo gwada riga, ta fara susar ƙafa, ta dube ni, ta kwashe yadinta ta fice ko sallama babu.

Ranar nan maigida ya dawo aiki ya tarar ƙurajen yarinya sun fara ruwa. Ya bari Inna ta yi barcin rana, ya cusa kyanwar a buhu, ya kai ta bayan tashar mota ya sake ta.

Abu sai ya ƙara lalacewa. Ka taka kafet, ƙafarka ta yi baƙi ƙirin. Na rasa inda zan ajiye 'yata, har girki da ita nake yi goye a bayana. Na tafi wurin likitan dabbobi na unguwarmu, ina magana hawaye na zuba.

"Malama, zauna tukuna," in ji shi. "Waɗanda ke jikin kyanwa kaɗan ne. A jikinta suke ƙwai, ƙwan ya zubo cikin kafet da tsagin siminti, ya zama tsutsa. Tsutsar ta naɗe kanta cikin wani ɗan kwanso da feshi ba ya ratsawa, tana jiran motsi da ɗumin jiki. Yanzu kun kori kyanwa, jinin wa za su sha?"

"Namu," na ce.

"Da magani kuka ɗiga mata a ƙeya, duk ƙuman da ya hau ta sai ya mutu. Ku nemo ta."

A gida kuma Inna ta daina cin abinci. In na kai cokali bakinta sai ta kawar da kai.

"'Yar nan, ina kyanwata?" ta tambaye ni da karkataccen bakinta.

"Tana yawo ne, Inna."

"Ba ta yawo."

Maigida ya koma tashar da kifi a leda. Ya leƙa ƙarƙashin motoci, ya bi kwalbati, yana kiran "mus, mus" direbobi na yi masa dariya. Ya je, ya sake zuwa, har ya daina gaya min in zai tafi. Ba a gan ta ba.

Muka ɗaye kafet muka ƙone, muka toshe tsagin da siminti. Kullum shara, kullum wanki, har hannuwana suka tsattsage. Sannu a hankali ƙuman suka ƙare, ƙafar yarinya ta warke.

Inna ta koma karɓar abinci, amma daga hannuna kawai. In ɗanta ya shigo ya durƙusa ya ce, "Inna, ina kwana?" sai ta juya fuska ta kalli bango har ya gaji ya tashi.