Yarinyar da Kwamiti Ya Tayar

Shekarata goma sha biyu ina ɗaukar bidiyon aure, kuma babu abin da ke ɓata mini rai irin finafinan da cocinmu ke yi duk shekara. Na san su kamar yunwar cikina. Mugu sai ya sa baƙar riga, ya riƙe kwalba, ya dinga dariya ba gaira ba dalili. Mai bi kuwa ko ruwa zai roƙa sai ya haɗa da aya. Likita kullum marar bi ne mai girman kai. A minti na ƙarshe kowa ya durƙusa, kiɗa ya tashi, shi ke nan an gama. Jama'a su tafa a coci, su koma gida su kunna na waje. Huɗu daga cikin finafinan nan ni na riƙe musu kyamara, amma ko ɗaya ban taɓa iya kallo har ƙarshe ba.

Bana sai kwamitin fim ya ce ni zan ba da umarni, ni zan tace. Na ce na yarda, in dai za a bar ni in kawo labarin gaskiya. Labarin da nake nufi na Yayata ne.

Yaya tela ce, ita ta goye ni. Tana da 'ya ɗaya da muke kira Aku saboda surutu. Ciwon ƙoda ya kama Aku tana shekara takwas, aka yi wata goma sha huɗu ana zaryar asibiti, Yaya tana azumi har zobenta ya daina zama a yatsa. Yarinyar ta rasu. Wajen gaisuwa wasu mata suka riƙa ce mata da ta ƙara riƙe Ubangiji da hannu biyu, wata ma ta tambaye ta ko akwai zunubin da ba ta furta ba. Tun daga ranar Yaya ba ta sake taka ƙofar coci ba. Shekara uku ta yi tana faɗa da tunanin cewa ƙarancin bangaskiyarta ne ya kashe 'yarta, sai kwanan nan ta fara cin abinci kamar mutane.

Na same ta a shago tana yanka yadi. Na yi bayani, ba ta ɗago ba sai da almakashin ya kai ƙarshe.

"Me za ka yi da shi, Auta?"

"So nake su gani, Yaya. Su ga mutum yana iya yin duk abin da ake yi, kuma abin ya faru."

Ta ajiye almakashin. "Zan ba ka. Amma ka bar ta ta mutu. Kada ka gyara mini komai."

Na yi mata alkawari. Ta ce in har na cika, za ta zo ta kalla, ko da a cocin ne.

Sati shida muka yi muna ɗauka. Wata daga cikin mawaƙa ta fito a uwar, wata yarinya mai bakin tsiya daga ajin Lahadi ta fito a Aku, wani ƙaramin asibiti ya ara mana ɗaki da baranda. Ƙarshen fim ɗin yadda Yaya ta ba ni na ɗauke shi. Uwar ta fito daga ɗakin da silifas ɗin yarinyar a hannu, ta zauna a benci. Mai goge-goge ta iso da tsummanta ta ce, "Ɗan ɗaga ƙafa." Uwar ta ɗaga. Daƙiƙa arba'in, ba kiɗa, ba magana. Ranar da na tace wurin sai da na fita waje na sha iska, don ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba.

Saura kwamiti. Mutum uku ne masu faɗa a ji a cikinsa: Fasto, da Mama Shugaba ta ƙungiyar mata, da shugaban kwamitin, wani tsohon hedimasta da har yau ba wanda ke kiransa da wani suna sai Hedimasta. Shi yana da tsarinsa na duba fim. Zai cire agogo ya ajiye a tebur, ya ajiye ƙararrawar makaranta kusa da shi. In aka yi minti biyar ba a ambaci sunan Ubangiji ba, sai ya kaɗa, a tsayar, a rubuta gyara. Haka ake yi tun kafin in shigo, kuma babu wanda ya taɓa ganin abin dariya a ciki.

Muka zauna a ofishin coci, na ɗora kwamfuta a kan tulin littattafan waƙa. Sau tara Hedimasta ya kaɗa ƙararrawar nan. Na haɗiye, na rubuta. Ya ce likitan ya cika kirki, ina dalili? Na ce ai likitan Aku na gaske mai kirki ne, har kuka ya yi. Ya ce ba a haka ake koyar da darasi ba. Da aka zo wurin benci, allon ya yi baƙi. Na ga Mama Shugaba tana share ido da bakin ɗankwali, na ce a raina na ci nasara.

Hedimasta ya yi gyaran murya. "To, ci gaba."

"Ya ƙare, Baba."

"Ya ƙare? Ina nasarar?"

"Babu, Baba. Yarinyar ta rasu. Kai ma kana wurin ranar da aka binne ta."

"Wannan a rayuwa ke nan," in ji shi. "Mu fim muke yi. Kana so baƙo ya shigo ya ga mun yi addu'a wata goma sha huɗu Allah bai amsa ba? Me zai ɗauka? Mu da ya kamata mu kare sunansa?"

"Baba, wa ya ce maka sunansa na neman mai gadi?"

Fasto ya ɗaga hannu. "Ɗana, a hankali. Babu mai cewa aikinka bai yi kyau ba. Amma mutane suna zuwa da nauyi a zuciya, bai kamata su fita da wanda ya fi shi ba."

Na juya wajen Mama Shugaba. "Mama, ke fa? Yanzu na ga kina kuka."

"Shi ya sa," ta ce. "Ni ba na son fim ya sa ni irin wannan kukan."

Aka ɗaga hannu, uku da ɗaya, kuma ɗayan ma aka tuna mini ba ni da ƙuri'a. Yarinya za ta tashi. Likita zai durƙusa ya tuba. Hedimasta da kansa ya zaro biro ya rubuta abin da faston cikin fim zai faɗa wa uwar. Fasto ya raka ni har bakin ƙofa, ya dafa ni, ya ce in ba zan iya ba akwai wani a wani coci da zai ƙarasa, amma zai fi so sunana ya fito.

Nan ne nake jin haushin kaina fiye da nasu. Su aƙalla sun yarda da abin da suke yi. Ni na san ƙarya ce, na kuma ɗauki kyamarata na koma asibitin. Shekara goma sha biyu ina bin amare da fitila, ga fim na farko da sunana a kai, sai na gaya wa kaina gara ni in lalata shi da hankali da wani ya lalata shi da hauka. Na sa yarinyar ta motsa yatsa, ta buɗe ido. Na zuba kiɗa. Abin takaici har kyau ya yi, don na iya aikina.

Sau uku ina zuwa shagon Yaya in gaya mata. Na farko na tarar da masu karɓar ɗinki. Na biyu ta tambaye ni ko na sa wurin bencin, na ce na ɗauka, wanda gaskiya ne, na ɗauka. Na uku na same ta tana ɗinka wa kanta riga ruwan toka, ta ɗaga ta ce, "Ta ranar fim ɗin ce. Ta yi?" Rabon da in ga Yaya ta ɗinka wa kanta sabon abu tun Aku na da rai. Na ce ta yi, na fito ban gaya mata ba.

Ranar Lahadi bayan sujada aka nuna. An toshe tagogi da barguna da rigunan mawaƙa, aka rataya farin zanin gado a bango, zafi kamar a gasa mutum. An gayyato jama'a daga wasu coci-coci, wuri ya cika har da na tsaye. Yaya ta shigo a makare, kanta a ƙasa, ta zauna a layi na uku kusa da wata baƙuwa. Ni ina gefe wajen na'ura, daga nan ina ganin rabin fuskarta.

Rabin farko ta jure. Da yarinyar fim ta yi wa nas tsiya, har murmushi na ga ta yi. Da aka zo ranar ƙarshe ta gyara zama, ta haɗa hannuwanta, ta shirya wa abin da ta sani. Injin da ke gefen gadon yarinyar ya yi ƙara, likita ya girgiza kai, uwar ta faɗi a kan gado. Sai yatsan ya motsa.

Cocin ya ɗauka gaba ɗaya. Halleluya ta ko'ina, wasu suka miƙe, wani ya hau duka benci. Yaya ba ta motsa ba. A bango faston fim ya ɗago uwar, ya faɗi maganar Hedimasta da murya mai rawa: "'Yata, da kin yi shakka ko ta minti ɗaya, da yanzu gawa kike rungume da ita." Aka amsa da amin mai ƙarfi. Sannan rubutu ya fito, wanda kwamiti ya hana ni cirewa: wannan labari ya faru da gaske.

Aka yaye barguna, haske ya shigo. Fasto ya karɓi makirufo yana ta murna, ya ce a yaba wa 'yar'uwarmu da ta ba da labarinta, ta kuma dawo gida yau. Ya nuna Yaya. 'Yan cocinmu da suka san gaskiya suka tafa a hankali suna kallon ƙasa. Baƙi kuwa ba su sani ba. Matar da ke kusa da ita ta zube a gabanta, ta kama hannayenta biyu.

"Baiwar Allah, ke ce? Ina yarinyar? Don Allah kawo ta in taɓa ta. Ɗana wata shida yana kwance, na yi duk abin da na sani. Gaya mini yadda kika yi."

Yaya ta dube ta. "Tana maƙabarta."

"Wa?"

"Yarinyar. Shekara uku ke nan."

Matar ta saki hannayenta a hankali, ta kalli bangon da babu komai yanzu sai zanin gado, ta sake kallon Yaya. Ban san abin da ta lissafa a ranta game da ɗanta ba, kuma ba na so in sani. Yaya ta ɗauki jakarta ta bi ta tsakiyar jama'a, aka dinga buɗe mata hanya.

Hedimasta ya tare ni a ƙofa, fuskarsa fal annuri. "Ka gani? Ka ga yadda Ruhu ya sauka? Mutum goma sha ɗaya suka fito gaba don tuba."

"Matsa mini, Baba," na ce. Ban taɓa yi wa babba magana haka ba, kuma ban ji komai ba.

Na cim mata a bakin titi, wajen da ake jiran mota. Na shirya ta zage ni, ta mare ni ma, da na ji sauƙi. Na fara zuba: kwamiti ne, sun rinjaye ni, na zo in gaya miki, na asalin yana nan a kwamfutata, yau ɗin nan zan kawo miki. Ba ta katse ni ba, kuma ba na jin ta ji ko ɗaya. Idonta a bushe, tana murza hannun jakarta.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Akwai ranar da na fita sayo magani, na tsaya a bakin ƙofar asibiti, na ce a raina anya kuwa. Akwai kuma wata Laraba da na kasa azumi na sha ruwa. Na ba ka duka, ka rubuta."

"Yaya, ƙarya ce. Maganar nan wani tsoho ne ya rubuta ta da biro a gabana. Ba daga Allah ta fito ba."

"Kowa ya ce amin."

"Ba su san abin da suke faɗa ba!"

"Kai ka zauna da labarin nan sati da sati, ka bi shi minti-minti." Ta ɗago ta kalle ni. "Ka gaya mini, a wanne ne na yi shakkar?"

Na duba fuskarta ko gatse take yi mini. Ba gatse ba ne. Mota ta zo ta tsaya, ta cika, ta tafi, Yaya tana tsaye cikin sabuwar rigarta tana jiran in faɗa mata ranar.