Akwatin Mai Maradun

"Danne nan, ango, kada ka saki sai gam ya kama," in ji Inna Hasana.

Na danne kusurwar kwalin da babban yatsa. Ita tana jan atamfar, tana lanƙwasa bakin zuwa ciki. Kwalin sabulu ne na yanke mata da reza. Ta shimfiɗa wa murfin audugar tsohon matashi don ya yi tudu, cikin kuma ta liƙa farin yadi.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a Mafara. Tun da na gama sakandare ba ni da wurin zuwa, ita ma ba ta da mai zama da ita. Ɗanta Ishaku yana wuni gonar albasa a Bakolori, matarsa Farida tana ɗakinta da waya. Sai Inna ta riƙa aika a kira ni. Ango take ce mani, wai raggon ango, ko goro ban taɓa kai mata ba.

Na tambaye ta akwatin na wa ne. Ta ɗauki dutsen guga ta aza kan murfin, ta daɗe tana gyara masa zama.

"Na waccan ta Maradun."

Na san wadda take nufi. Taibatu, ɗiyarta ta fari. Daga yaye aka kai ta wurin gwaggonta, can ta girma, can ta yi aure, yanzu har da jikoki. Inna ba ta taɓa kama sunanta ba. In Taibatu ta zo gida, ba su haɗa ido, gaisuwa ma sai ta bi ta bakin wani. Kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da. Inna ta ce ba ta taɓa ba ta ko ɗankwali ba. Ta ce in ya bushe, ran kasuwa in kai tasha, in ba direban Maradun, kada in ce daga ita ne.

Bai kai ran kasuwa ba, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta daina cin abinci. Ishaku ya buga waya, Taibatu ta iso da hantsi, doguwa, mai furfura a gefen ɗankwali. Ta zauna bakin ƙofa kan tabarma. Inna ta juya fuska bango.

Na shigo da ruwan zafi daga gidanmu. Farida tana tsaye tana dama koko. Akwatin yana kan kabad, ya bushe, kusurwoyinsa sun zauna tsaf. Inna ta yi magana ba ta juyo ba.

"Ango, ɗauke abin ga, ya tsare mani wuri. Ka ba duk mai so."

Na sauko da shi. Na nufi bakin ƙofa. Taibatu ta sunkuyar da kai, hannayenta cikin mayafi, ba ta miƙo ba. Ita ma kunyar ce. Ina tsaye tsakaninsu kamar an dasa ni.

Farida ta aje ludayi ta ce ita kam tana so, dama hodarta da turarenta a leda suke. Ta shafa murfin tana yaba aikin. Ba da mugunta ba. Yarinya ce, ba ta san komai ba.

Na ce ai an yi shi don wata ne.

"Wa yac ce ma?" Muryar Inna ta fito da ƙarfin da ban zaci ya rage mata ba. "Ɓata lokaci na kawai. Ban yi shi don kowa ba."

Farida ta ce to ta gode, Allah ya ƙara sauƙi, ta rungume shi ta fita. Na dubi bayan Inna. Kafaɗarta tana ɗagawa tana sauka. Washegari da azahar Inna ta cika, Taibatu na riƙe da ƙafarta, wurin da ba ido.

Bayan sadakar uku Ishaku ya ba ni babur ya ce in kai yayarsa tasha. Muka bi ta bayan kasuwa. Motar Maradun ba ta cika ba. Ta shiga ta zauna wajen taga, ni ina jingine da ƙofar. Na ce mata akwatin nan nata ne, ni na yanke kwalin, in tana so zan je in yi wa Farida bayani.

Ta girgiza kai.

"Na sani, ɗan nan. Tun da tac ce ya tsare mata wuri na sani. Bar shi. In ka amso shi, ka tona mata asiri, ba ta nan balle ta musa."

Mai sayar da rake ya leƙo, ya wuce. Can ta tambaye ni, a hankali, ko lokacin da muke aikin Inna ta taɓa faɗin sunanta. Na so in ce e. Na ce a'a.

"Awo," ta ce. "Ita ke nan."

Direba ya tada mota. Ta janyo hannayenta daga cikin mayafi ta aza bisa cinya, tafukan suna sama, ba komai a cikinsu. Haka suke har motar ta karya kwana.