Zufar Umma

Umma ta kasa zama. Ta tashi, ta leƙa ƙofar likita, ta dawo, ta hau fifita wuyanta da katin asibitin Baba. Shi kuwa gogan yana zaune daram, wai shi ne mara lafiya. Duk wata haka muke zuwa: ita ke riƙe magungunansa, ita ke amsa tambayar da aka yi masa, ita ke hana shi gishiri. Ita ko awon jini ba ta taɓa yarda an yi mata ba.

"Umma, kin jiƙe sharkaf fa," na ce.

"Ke rabu da ni. Girma ne. Tun da al'ada ta ɗauke mini nake wannan zufar."

Amma yau sai murza haɓa take yi, tana haki kamar wadda ta hau bene. Haushinta ya kama ni, ga tsoro.

Da aka kira Baba, muka shiga mu uku. Likitar, wata mace mai tabarau, ta ɗaura masa abin awo, amma idonta yana kan Umma.

"Mama, yaushe haɓar nan ta fara ciwo?"

"Haƙori ne, likita. Shi za ki duba. Ciwon zuciya ai na maza ne."

Likita ta kwance abin awon daga hannun Baba, ta ɗaura a na Umma.

"A da kina da kariya," in ji likita. "Lokacin da kike al'ada, sinadaran jikin mace suna taimaka wa ƙwayoyin halittar da ke gyara hanyoyin jini. Da ta ɗauke, gyaran ya ja baya. Kuma mu mata, ba kullum ciwon ke zuwa mana a ƙirji ba."

"To rubuta mini magani in sha a gida."

"Ba inda za ki. Zuciyarki ce, kuma yanzu abin yake faruwa."

Kafin in ankara an turo keken marasa lafiya. Ana tura ta tana waiwayo: "Farar ƙwayar nan, sai ya ci abinci tukuna!" Kai, Umma! Na rasa ko in yi kuka ko in yi mata faɗa.

Wata nas ta tare Baba a bakin ƙofa.

"Kai ne mijinta? Tun yaushe take wannan hakin? Akwai maganin da ba ya karɓarta?"

Baba ya juyo ya dube ni.

"Ita ce ta sani," ya ce.