Tsakanin Lamba Uku da Huɗu

Da sojoji za su bar mulki, wani manjo a GRA ya yi gwanjon kayansa. Alhaji Ɗanliti, wanda ya faɗi zaɓen kansila, ya sayi tukunyar kofi da tsohon injin niƙan kofi don huce haushi.

Injin nan lamba-lamba ne. In ya sa huɗu, gari ya yi tsaki-tsaki, kofi ya zubo tsululu kamar ruwan wanke kwano. In ya dawo uku, laushi ya toshe tukunyar, ko ɗigo babu. Kwana tara yana tsine wa manjo.

Ya kai wa Garba mai niƙa a Ƙofar Kaura. Garba ya kwance injin, ya ce, "Alhaji, 'yar takarda za mu soka ƙarƙashin haƙoran. Akwai?"

Akwai mana, mota cike take da fastocin kamfe. Garba ya yago daidai hancin Alhaji a jikin wata fasta, ya cusa.

Kofi ya fito da kauri, har da kumfa. Matar Alhaji, Furera, ta kurɓa, ta ce, "Ashe da fasta guda ɗaya ka buga, Alhaji, ba dubu biyar ba."