Barcin Rifet a Fagen Karo

Da safiyar ranar karon bijimai Rifet ya fasa wa ƙanensa Sakib baki a ƙofar garke. Abin da Sakib ya faɗa bai kai a daki mutum ba. Cewa ya yi tunda injin barcin da likita ya ba shi bai gama aikinsa ba, Rifet ya tsaya bayan shinge yau, shi ya shiga fage da bijimin. Rifet ya ajiye bokitin dusa, ya kai masa naushi ɗaya. Sakib ya faɗa kan tarin ciyawa, ya tofar da jini, ya ce, "To Yaya, ka dake ni. Amma jiya da idona na gan ka kana gyangyaɗi a gindin ƙahon bijimin."

Rifet ya ce ƙarya Sakib yake yi, shi tunani yake.

Gaskiyar ita ce barci ya daɗe yana cin mutuncin Rifet. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi, munsharinsa har maƙwabta sun san shi. Cikin munsharin sai numfashi ya ɗauke ɗif, sai matarsa Zumreta ta zungure shi da gwiwar hannu kafin ya shaƙo iska kamar wanda aka tsamo daga kogi. Da gari ya waye kuma kamar ya kwana yana sassabe. Ya yi barci a sahun Juma'a, ya yi barci da kofin gahawa a hannu har ya ƙona cinya. 'Yarsu da ke aikin jinya a birnin Graz ce ta tasa shi gaba zuwa wajen likitan birni. Likita ya ce maƙogwaronsa ne ke toshewa in ya kwanta, jikin bai taɓa samun hutu ba. Aka ba shi wani ɗan inji mai tiyo da takunkumin hanci, wai CPAP, ya riƙa hura masa iska har safe.

Rifet ya tambayi yaushe gajiyar za ta sake shi. Likita ya ce wani kwanaki kaɗan sai ya ji daban, wani sai ya yi makonni, wanda kuma yake fizge abin cikin barci zai iya cin watanni. Ya ce kafin nan kada ya tsaya inda ƙiftawar ido za ta kashe mutum. Rifet ya riƙe maganar farko, sauran ya bar wa likita a tebur. Safiyar farko ya tashi garau, ya faskare itacen rabin hunturu, ya shelanta wa gida cewa ya warke. Bai ƙara kula da cewa yawancin ranaku Zumreta a ƙasa take tsintar takunkumin, yana huci shi kaɗai.

Bijimin, Garonja, baƙi ne wuluk, tun yana maraƙi Rifet ke ba shi abinci da hannu. Muryar Rifet kaɗai yake ji. Duk wanda ya san karo ya san bijimi da muryar ubangidansa yake turawa, shi ya sa Rifet ya gwammace ya zubar wa ƙanensa haƙori da wani ya tsaya a kafaɗar dabbarsa.

Filin da ke gindin dutsen Grmeč ya cika tun hantsi. Hayaƙin gasassun raguna, kiɗa, yara a kan rufin motoci. Alƙalai suka duba ƙahonni, suka sa magagari suka dakushe tsini. Abokin karonsu Stojan ne, mai wani jan bijimi da ake kira Jelenko, tsohon abokin gabar Rifet tun suna samari. Labarin injin ya riga ya zaga ƙauyuka ta bakin mata.

Stojan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Maƙwabci, ina tiyon? An ce yanzu sai an yi maka iska kamar tayar tarakta."

"Ni dai in an hura ina tashi," in ji Rifet. "Kai matarka ta ce ta gaji da gwadawa."

Aka kwashe da dariya, Stojan ya tofar da yawu. Sakib yana jingine da shinge da kumburarren leɓe, shi kam bai yi dariya ba.

Aka saki bijiman. Wanda bai sani ba yana zaton da an sake su sai gwabzawa. Ina! Tsayawa suke gefe da gefe, kowa yana auna ɗan'uwansa da jan ido, suna tonon ƙasa, suna watsa ta a gadon baya, suna ruri. Wani lokaci har 'yan kallo su gaji su koma wajen nama. Ubangida kuma yana tsaye kusa, da sanda, yana yi wa nasa magana ƙasa-ƙasa. Rana ta take tsaka. Rifet ya kafa sandarsa, ya ɗora hannuwa a kai, ya ɗora haɓa a kan hannuwa. Yana cewa haka ɗana, kada ka yi gaggawa, bar shi ya zo. Ƙasa tana ɗumi, rurin yana shiga ƙirji da daɗi. Ya ce bari ya ƙifta ido saboda ƙura.

Da ya buɗe idon, kwance yake rub da ciki, bakinsa cike da ƙasa, mutane suna ihu.

Abin da ya faru a tsakani sai daga baya aka ba shi labari. Bijiman sun haɗa kai da ƙarar da aka ji har wajen motoci. Jelenko ya samu ƙasan wuyan Garonja ya yi ta tura shi baya, Stojan yana zuga shi kamar zai tsage maƙogwaro. Garonja ya kafe, jini yana bin wuyansa, yana jiran muryar da ya saba. Shiru. Ubangidansa yana tsaye a kan sanda, baki buɗe. Bijimin da ya karaya juyawa yake ya sheƙa, ba ya ganin gabansa, shi ya sa kowane ubangida yake zuba ido a ƙafafun baya. Garonja ya juya ya nufi inda ya ji muryar ƙarshe. Sakib, wanda tun faɗuwar haɓar ya haura shinge, ya iso ya bangaje yayansa gefe. Shi bai samu ficewa ba. Bijimin ya ɗauke shi ta ƙugu, ya cilla sama, da ya faɗo ya bi ta kan cinyarsa. Waɗanda ke kusa sun ce ƙarar kamar an taka busasshen reshe.

Rifet ya rarrafa ya ga ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ya miƙe. Garonja ya maƙale a kusurwar shinge yana haki, an jefa masa igiya. Rifet ya sauke masa sanda a hanci, a ido, a ƙaho, har sandar ta rabu biyu. Ya fizgi wuƙa daga hannun mai gashin rago ya dawo kan bijimin. Mutum uku suka rataya a jikinsa ya watsar da su, ɗaya ya tashi da karyayyen yatsa. Stojan ne ya sha gabansa ya gwara masa kai a hanci, jini ya ɓalle, amma wuƙar tana nan a hannun Rifet.

An ɗora Sakib a kan ƙyauren wata rumfa ana ɗauke da shi. Ya sa aka tsaya. Fuskarsa ta yi fari fat, muryar da ƙyar take fita.

"Yaya, ajiye wuƙar nan. Ba shi ya yi barci ba."

Rifet ya dubi wuƙar, ya sake ta. Aka buɗe masa hanya.

Aka sa wa Sakib ƙarfe a cinya. Rifet ya ce wa Zumreta ta ɗaure masa takunkumin da kanta, in ta ga hannunsa ya nufi wajen ta buge shi. Ta kuwa buge, ba sau ɗaya ba, kuma ba da wasa ba. Ya koma wajen likita aka sauya masa wani da ya fi zama a hancin da Stojan ya karkata. Gajiyar ba ta tafi a mako ba, ba ta tafi a biyu ba. Janyewa ta yi kaɗan-kaɗan kamar ruwan ambaliya, har bai san ranar da ta ƙare ba. Sai da ganye ya fara zuba ya lura ya kai la'asar yana gyaran shinge bai yi hamma ba. Lokacin an rufe fagen karo na shekara, kuma alƙalai sun aiko masa cewa baɗi bayan shinge zai tsaya.

Ranar da za a duba ƙarfen, likita ya riga ya yarda Rifet ya tuƙa. Ya ɗauko Sakib a kafaɗa ya sa shi a kujerar gaban mota. Sakib ya ƙi a ajiye sandar guragunsa a baya, ya rungume ta a tsakanin gwiwoyi, kan sandar yana kallon kunnen Rifet ko da zai yi gyangyaɗi. Hanyar birni duk kwana ce da gangare. Sakib bai dubi titi ko sau ɗaya ba, idon yayansa yake kallo.

A wata doguwar kwana Rifet ya ce, "Idona biyu."

"Na gani," in ji Sakib. Bai sauke sandar ba har suka shiga ƙofar asibiti.